Yadda Na Gyara Gejin Man Dattijuwa

Kai jama'a, ni dai ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don har yau in an haɗu gidan suna ko biki sai an sami mai tono ta! Ga amarya a kujerar baya ta lulluɓe, ga Gwaggo a gefenta tana fifita da gefen gyale, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, ga ni a gaban boneti hannu dumu-dumu da baƙin mai ina ta rantse-rantse: "Wallahi ba mai ba ne, tanki cike yake!" Amma tsaya, na yi gaba da yawa. Bari in koma baya in fara muku daga kan Dattijuwa.

Dattijuwa ba mutum ba ce, motar Babanmu ce. Tsohuwar jif ce mai shan dizal, irin dogayen nan masu taya a bayan ƙofa, wadda in ta taso daga farkon layinmu na Kurudu za ka ji ta tun kana banɗaki. Baba safiyo ne a wata ma'aikatar tarayya. Da motar nan ya yi ta shiga dazuka yana awon filaye tun wuraren da yanzu suka zama manyan unguwanni ba kowa sai Gwarawa da gonakinsu. Da aka tashi yin gwanjon tsofaffin motocin ofis, ya ce shi wannan yake so. Cikinta ƙanshi ɗaya ne har abada: dizal, turaren Baba, da busasshen ɓawon lemo da Mama ke mantawa a aljihun ƙofa.

Matsalarta ɗaya ce tun ina yaro: gejin mai. Allurar nan kwance take a kan E, ko ka cika tanki har ya zubo ba za ta ɗaga kai ta dube ka ba. To Baba yana da nasa gejin. In za a yi tafiya sai ya cire hularsa, ya buɗe murfin tanki, ya kara kunne a bakin, ya ce, "Auta, Bilki, ku girgiza ta." (Ni ne Auta. Bilki yayata ce, ita nake bi.) Sai mu biyu mu dafa ƙeyar motar mu yi ta jijjiga ta. In ya ji wani sauti mai nauyi, bul-bul, ya ce, "Za ta kai mu Lokoja ta dawo." In ya ji cakal-cakal sama-sama, ya ce, "A biya gidan mai." Muna yara wasa ne a wurinmu, har faɗa muke a kan wanda ya fi iya girgizawa. Amma da na fara tasawa, na fara kula 'yan matan layinmu na leƙowa ta katanga, sai abin ya fara damuna. A Abuja fa muke! Maƙwabta na danna rimot mota ta yi ƙara, mu kuma muna rawa da tamu.

Akwai wata al'ada kuma da ya kamata ku sani, don ita ce ta kashe ni. Dattijuwa motar unguwa ce. Baba ba ya hana kowa aro. Kawu Isa, ƙanen Mama, da ita yake ɗauko buhunan masara daga gonarsa. Oga Bulus, maƙwabcinmu da suka yi aiki da Baba, da ita yake zuwa ƙauye ɗauko doya. Yaya Kabiru, babban wanmu, shi ma in tasa ta shiga gareji ita ce rufin asirinsa. Ba wanda ya taɓa kafa doka, amma tunda ba mai sanin abin da ke cikin tankin, duk wanda ya ara sai ya biya gidan mai ya zuba ko kaɗan ne, don tsoron kada ta tsaya a hannunsa. Ba a faɗa, ba a tambaya. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Sai aka sa bikin Yaya Bilki. Mijin malamin makaranta ne, gidansu a wani ƙauye gaba da Abaji, inda kwalta ke ƙarewa a shiga hanyar ƙasa. Kuma damina ce. Baba ya ce Dattijuwa ce za ta kai amarya. Yaya Kabiru ya tashi kamar zai tashi sama.

"Baba, don Allah! Ga abokina yana da sabuwar jif, mai sanyi, ya ce zai ba mu. Ya za a kai yarinyar nan a motar da sai an kasa kunne kafin a san tana da mai? A gaban surukai?"

Baba bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Ya ce, "Ranar da aka haifi Bilkisu, motar nan ce ta ɗauko ta daga asibitin Gwagwalada ta kawo ta gidan nan. Ita nake so ta fitar da ita ta kai ta ɗakinta. Ban roƙi komai a bikin nan ba sai wannan."

Yaya Kabiru ya sosa ƙeya ya ce to, amma da sharaɗi, sai an gyara gejin, don shi ba zai tsaya a gaban abokan ango ana girgiza mota ba. Nan fa na miƙe (ba wanda ya tambaye ni) na ce, "Ni zan gyara."

Lokacin na gama sakandare ina jiran samun gurbin karatu, ba abin da nake yi sai ƙona data a kan bidiyon gyaran mota. Ban taɓa zama gareji ba ko na kwana ɗaya, amma a raina ni injiniya ne da duniya ba ta gano ba tukun. Kuma ku ba ni dama in yi muku bayanin aikin, don wallahi yana da daɗi, kuma har yau ina alfahari da rabinsa.

Gejin mai abu uku ne kawai. Akwai agogon da ke gaban direba, akwai wayar da ta taho daga tanki, akwai kuma wani ɗan ƙarfe a cikin tankin mai hannu kamar ludayi, da ƙwallo a ƙarshensa da ke yawo a saman mai. Mai ya yi yawa, ƙwallo ya taso, allura ta hau. Mai ya ragu, ƙwallo ya sauka, allura ta bi shi. Shi ke nan fa! To in allura ta mutu, ɗayan ukun nan ne ya ci amana, aikinka ka gano wanne.

Na fara da fiyus, lafiyarsa ƙalau. Sai na buɗe ƙofar baya, na ɗage kafet, ga wani ɗan murfin ƙarfe da ke saitin saman tanki. Na kwance shi, ga wayar geji nan ta fito. Dabarar da na koya ita ce: ka ɗauki wata guntuwar waya, ka haɗa wayar gejin da jikin ƙarfen motar da ita, ka murɗa makulli. In allura ta tashi ta tafi F, to agogo da waya ba su da laifi, ɓarawon yana cikin tanki. Na samo wata jar waya daga tsohuwar rediyon Baba, na cusa baki ɗaya a soket ɗin gejin. Ɗaya bakin kuma ya ƙi zama a jikin ƙarfe, yana ta zamewa. Na shiga ɗakin Yaya Bilki a guje, na ga wani makamin gashi, irin wanda mata ke matse gashi da shi, na ƙarfe mai 'yan duwatsu a kan madubinta, na ɗauko (aro ne, na minti biyu), na matse wayar da shi a gefen ƙarfen. Ya kama gam. Na zagaya na murɗa makulli.

Jama'a, allurar nan da ta fi ni shekaru a kwance, sai ga ta ta motsa. A hankali, kamar tsohuwar da ke tashi daga tabarma, ta miƙe, ta wuce rabi, ta je ta jingina da F. Na yi wani ihu da sai da Mama ta fito da muciya a hannu tana salati, ta zaci maciji ne.

Daga nan na zaro ƙarfen cikin tankin, na ga ainihin ciwon. Ƙwallon ya huje, dizal ya cika shi, ya nutse can ƙasa ya yi zamansa. Shi ya sa kullum E. Na hau mota har Apo wajen masu kayan gyara, na sha yawo layi-layi kafin na sami tsohon irinsa mai kyau. Na dawo na ɗaura, na mayar da komai, na rufe murfi, na shimfiɗa kafet. Baba ya ce mu je a cika ta a gwada. Aka cika tanki har wuya. Na murɗa makulli, allura ta tafi F ta tsaya cak. Baba ya daɗe yana kallonta. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Auta, kai za ka tuƙa yayarka." Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

(Mai bidiyon ya ce wani abu a ƙarshe game da wayar gwaji, wai daƙiƙa kaɗan ake barinta. Ni ban kai ƙarshen bidiyon ba. Ina ganin allura ta tashi na jefar da wayar salula a kan kujera.)

To hidimar biki ta kankama, Dattijuwa ba ta huta ba. Yau a ɗauko kujeru, gobe a kai gado da katifa, jibi a ɗauko 'yan'uwa daga tasha. Kawu Isa ya ara ya dawo yana cewa, "Kai, Bulus mutumin kirki ne. Na shiga mota na tarar ya cika ta ful, bai ce wa kowa ba." Oga Bulus ya ara, ya dawo ya sami Baba a ƙofar gida ya ce, "Oga Safiyo, Kabiru ɗan albarka ne fa. Mota nan na je Karshi na dawo, mai yana nan cike. Yaro ya san darajar uba." Yaya Kabiru kuwa na ji shi da kunnena yana gaya wa Mama cewa Kawu Isa ya ba shi mamaki, ashe yana da kyauta haka. Unguwa ta cika da yabon juna. Ni ma duk na shiga na ga F sai in ce Allah ya saka wa wanda ya zuba. Yaya Bilki kuma tana ta zagaye gida tana cigiyar makamin gashinta, wai ƙawarta ce ta kawo mata daga Kano, da shi za ta yi kwalliyar kamu. Har da ni a masu taya ta dubawa ƙarƙashin gado, da zuciya ɗaya, don wallahi na manta sam.

Ranar kai amarya, bayan azahar, an gama kuke-kuke da nasiha, ana shirin fito da ita. Sai na hango Baba ya zagaya gefen motar shi kaɗai, ya cire hula, yana ƙoƙarin buɗe murfin tanki. Abokan ango na tsaye da fararen shaddodinsu suna kallo. Na ruga na riƙe hannunsa.

"Haba Baba! Wannan zamanin ai ya wuce. Zo ka gani." Na murɗa makulli na nuna masa. "F. Kimiyya ce fa."

Ya dube ni, ya dubi allurar, ya mayar da hularsa. Ya ce, "To, injiniya. Allah ya kiyaye hanya." Ya shafa boneti sau ɗaya ya shige gida, don ba ya son a ga idonsa.

Muka kama hanya. Ni a sitiyari, Yaya Kabiru a gefena, baya kuma amarya da Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ita ce za ta miƙa ta ga dangin miji. Sauran motoci na biye da mu. Da muka iso Gwagwalada duk suka shiga gidan mai. Yaya Kabiru ya ce, "Mu ma mu ƙara mana." Na buga gilashin agogon da yatsa na ce, "Yaya, a ina za mu zuba? A aljihu?" Ya leƙo ya ce, "Tun daga Kurudu ba ta motsa ba?" Na gyara zama na yi masa lacca: irin waɗannan tankunan samansu na da faɗi, allura takan daɗe a sama kafin ta fara sauka, kuma injin dizal in ya sami kulawa shan mai yake kamar mai azumi. Gwaggo ta ce daga baya, "Oh ni Asabe, yaron nan ashe boko bai tashi a banza ba." Kaina ya ƙara girma har yana taɓa rufin mota.

Muka wuce Abaji, muka iso inda kwalta ta ƙare. Ƙananan motoci duk suka faka a nan, aka ɗebi mata a kan mashina aka yi gaba da su, mazan za su biyo baya. Ni kuwa na sa giyar taɓo, Dattijuwa ta shiga hanyar nan tana gurnani kamar an mayar da ita ƙuruciya. Gonakin doya hagu da dama, iska mai ƙanshin ruwa na shigowa ta taga. Muka hau wani ɗan tudu, ga ƙauyen can muna hango rumfunan biki, muna jin kiɗa sama-sama. Tsakaninmu da su gangare ne, sai wani rafi marar zurfi da ake ratsawa, sai ɗan hawa.

A nan ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi wata shessheka, ta yi jijjiga, ta mutu.

Na ba ta makulli, ta yi gur-gur-gur ta yi shiru. Yaya Kabiru ya ce, "Mai ne." Na ce, "Ba mai ba ne, ga shi kana gani." Na sauka na buɗe boneti da ƙarfin gwiwa. Na ƙara ɗaure kan batir. Na danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar da ke tace mai, na ji shi fayau ba nauyi, na ce a'a, famfon ne ya lalace. Na kwance wannan, na hura wancan. Kafin wani lokaci mashinan maza sun iso, ga Kawu Isa, ga Oga Bulus, ga abokan ango sun kewaye ni. Babban abokin ango ya ce cikin ladabi, "Malam, ko mai ne ya ƙare?" Nan ne na fara rantse-rantsen da na gaya muku a farko. Har kamo hannunsa na yi na kai shi ya leƙa agogon da idonsa.

Wani dattijo daga dangin ango ya dubi sama ya ce, "Ku yi abin da za ku yi da sauri. In ruwan nan ya sauko rafin can cika yake, ba mai ƙetarewa sai gobe."

Sai muka ji murya daga kujerar baya, ƙasa-ƙasa, daga cikin lulluɓi. Amarya fa, wadda aka ce kada ta buɗe baki sai an saya.

"Gwaggo, ki ce masa ya girgiza ta."

Gwaggo ta sauko da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta ture ɗaurin ɗankwalinta gefe, ta buɗe murfin tanki, ta kara kunne daidai yadda wanta ke yi. Ta ce, "To samari, ku dafa." Abin da na gudu a Kurudu, shi aka yi a gaban surukai, da abokan ango shida ko bakwai suna jijjiga mota da amarya a ciki. Gwaggo ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta ce, "Ba bul, ba cakal. Auta, tulun da aka kife ma ya fi wannan ruwa."

Yaya Kabiru ya juya ga Kawu. "Kawu, ba kai ka cika ta shekaranjiya ba?"

"Ni? Ai Bulus ne ke cikawa."

Oga Bulus ya dafe ƙirji. "Ni ban zuba ko cokali ba! Na ga ya cika, na ce Kabiru ne!"

Suka tsaya suna kallon juna. Sannan, a hankali, kamar yadda allurar nan ta tashi, duk suka juyo suka kalle ni.

A lokacin ne wani abu ya faɗo mini a rai. Na zagaya baya, na sauke akwatin amarya, na ɗage kafet, na kwance ɗan murfin. Ga ta nan. Jar wayata, lafiya lau, baki ɗaya a soket, ɗaya bakin a manne da ƙarfe, tana ta gaya wa agogo cewa tanki cike yake tun ranar da na yi gwaji. Na zare ta. Yaya Kabiru ya murɗa makulli. Allura ko motsi ba ta yi ba daga kan E. Gyarana ya yi aiki fa, ku lura! Gaskiyar farko da gejin ya faɗa ke nan a rayuwata, kuma ya zaɓi ya faɗe ta a gaban mutane.

Ina tsaye da waya a hannu, makamin gashi na reto a bakinta yana ƙyalli, sai amarya ta yaye lulluɓi gaba ɗaya ta juyo.

"Auta! Makamina ne wannan? Wanda ka taya ni nema?"

Wani abokin ango ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Wani ya durƙusa kamar yana gyara takalmi. Oga Bulus ne ya fara fashewa, daga nan kowa ya saki. Ni dai da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Dariya ba ta hana hadari matsowa ba. Man mashin ba ya yi wa Dattijuwa, fetur ne. Dizal sai an koma Abaji, kuma ko an kawo sai an fitar da iskar da ta shiga bututu kafin ta tashi. Yaya Kabiru ya ce, "Shi ke nan. Bilki, sauko a ɗora ki a mashin." Ni na sunkuyar da kai, ina tuna yadda Baba ya shafa boneti.

Yaya Bilki ta mayar da lulluɓinta ta gyara zama. Ta ce, "Yaya, Baba ya ce motar nan ce za ta kai ni. Bai ce sai tana da mai ba. Ni ba inda zan sauka."

Babban abokin ango ya dubi farar shaddarsa, ya dubi taɓo, ya yi ajiyar zuciya, ya naɗe ƙafar wando. Ya ce, "Injiniya Ful Tanki, shiga ka riƙe mana sitiyari. Wannan dai ka iya ko?" (Sunan ya bi ni har yau. Akwai yara a Abaji da ba su san ina da wani suna ba.)

Gangaren ya taimaka. Amma duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar jif inji a kashe ya san sitiyarin komawa yake kamar dutsen niƙa, birki kuma sai ka miƙe tsaye a kansa. Muka faɗa rafi ruwa na fallatsa, Kawu Isa ya rasa takalmi ɗaya, Oga Bulus na ba da umarni kamar kwamanda, "Oya, ɗaya, biyu, tura!" A hawan ne ta gagara. Sai ga samarin ƙauyen sun hango mu, suka rugo, makaɗa suka biyo su da kalangu, mata suka fito suna guɗa. Haka Dattijuwa ta shiga garin, ba ƙarar inji, sai kiɗa da nishin maza, ta tsaya daidai ƙofar gidan ango. Gwaggo na kama hannun amarya ta sa ƙafa a zaure, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Wata tsohuwa a dangin ango ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin amaryar da aka girmama haka ba, har an kashe mota an turo ta da hannu don kada ƙara ta dame ta. Ba wanda ya gyara mata zance.

Sai washegari rafi ya janye, aka kawo dizal a jarka, na fitar da iska (wannan karon na kalli bidiyon har ƙarshe), muka dawo Kurudu. Labari ya riga ni isa, ba sai an faɗa ba. Na tarar da Baba a kan tabarmarsa a ƙofar gida. Na durƙusa na miƙa masa makulli da jar wayar, na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Kun kai ta?"

"Mun kai ta, Baba."

"A cikin motar ta isa?"

"A ciki, har ƙofa."

Ya juya wayar a hannunsa, gemunsa na motsi, na san dariya yake dannewa. Ya tashi ya je ya ɗaure ta a jikin madubin gaba. Sannan ya jefo mini makullin ya ce, "Riƙe. Amma a bar mini wannan a nan, kada a cire."

Baba ya rasu 'yan shekaru bayan bikin, Allah ya jiƙansa. Layinmu an zuba masa kwalta, Oga Bulus ya yi ritaya ya koma gida, Kawu Isa ya sayi tasa motar. Dattijuwa tana hannuna, jar wayar na nan tana reto a madubi ta koɗe ta zama ruwan hoda. Makamin gashi kuwa Yaya Bilki ta ƙwace abinta, kuma duk na je Abaji sai ta sa shi da gangan. Gejin yana aiki tsaf, ban taɓa kama shi da ƙarya ba tun ranar. Amma in zan yi doguwar tafiya, sai in cire hula, in buɗe murfin tanki, in kira 'ya'yan Yaya Kabiru in ce su girgiza ta. Maƙwabta su leƙo in sun ga dama. Abin da na koya dai shi ne, duk abin da ya daɗe yana gaya mini daidai abin da nake son ji, ko allura ce ko mutum, to lokacin sauka in kasa kunne ya yi. Sai kuma na biyu: a riƙa kallon bidiyo har ƙarshe.

To ku fa? Na san ba ni kaɗai ba ne na taɓa gyara abu ya fi da lalacewa, kuma a gaban mutanen da ya kamata su ga girmana. Wace mota ce ta taɓa tsinka ku, a ina, su wa ke kallo? Ku ba ni labari don Allah, ko na sami abokan zama a wannan benci.